Karyar da Tsoho Ya Bari a Garkata

Shekarar da na ajiye alli ita ce shekarar da matata ta rasu. Wata huɗu ne tsakani. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, daga wannan ƙauye zuwa wancan, har aka dawo da ni gida Madarumfa, muna cewa yanzu kam za mu huta. Allah bai nufa ba. Bayan sadakar arba'in ƴaƴanmu suka koma inda suka fito, babbar Damagaram gidan mijinta, namijin Yamai wurin aikinsa. Gida ya rage daga ni sai tukwanen da ba mai ɗora su.

Zaman gidan ya gagare ni. Sai na koma wa garkar da na gada a bakin tabki, wadda na daɗe da bar wa ciyawa. Na gyara shinge, na yashe rijiya, na shuka albasa da tumatir da salati. Tun da safe nake tafiya, ba na dawowa sai rana ta yi ja.

Shingen ƙaya ɗaya ya raba ni da wani tsoho mutumin wajen Gabi. Ba ya salla. Yana kan abin da ya tarar kakanninsa suna yi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da ƙuruciya maharbi ne, da ƙarfi ya ja baya ya koma ban ruwa. Ba mai yawan magana ba ne, ni ma lokacin ba na son surutu, shi ya sa muka daidaita. Yakan miƙo mini irin barkono ta saman shinge, ni kuma in karanta masa rubutun da ke jikin buhun taki.

Yana da karya ja, siririya, kunnenta na hagu a yage. Duk inda ya sa ƙafa tana nan. Sunan da ya raɗa mata na habaici ne, da wani ɗan'uwansa yake, saboda haka ban taɓa kiranta da shi ba.

A damina ta biyu ƙafafunsa suka kumbura, har ya kasa jan guga. Ƴaƴansa suka zo daga ƙetaren iyaka suka ce za su tafi da shi. Ranar da za su tashi ya sa aka kawo shi garka a amalanken jaki. Ya dubi fangalinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kira ni.

"Malam, sun ce ba su ɗaukar kare a mota."

Na ce, "To, sai a kai ta ƙauyenku."

"Ba kowa can da zai ba ta ko ƙanzo. Nan ta sani. Ba na ce ka riƙe ta ba. Kar dai ka kore ta."

Na ce ba zan kore ta ba. Iyakar alkawarin da na yi ke nan. Sai da aka ɗaure ta a gindin mangwarona kafin amalanke ya juya, ta yi ta fizgar igiya har wuyanta ya goge. Bayan wata uku labari ya iso cewa tsohon ya cika.

Ni ɗan gidan malamai ne. Na tashi da sanin cewa in kare ya sa baki a ƙwarya sai an wanke sau bakwai. Ban taɓa shafa kare ba a rayuwata. Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi, ya ce kare na gadin gona babu laifi, in dai kiyaye tufana da abin cin abincina. Da wannan na samu natsuwa. Na ware mata wata tsohuwar tasa, ina zuba mata ragowar tuwo daga nesa, ta jira sai na ja da baya sannan ta ci. Ba ta matsowa kusa da ni, ba na matsawa kusa da ita. Amma awakin mutane sun daina shigo mini salati.

Akwai abokaina biyu, tsofaffin malaman lakwal kamar ni, da sukan zo da la'asar mu dafa shayi a ƙarƙashin mangwaro. Wata rana karyar ta zo ta sunsuni bakin tabarma. Ɗayansu ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Haba Malam, kai da girmanka!"

Na kora ta, muka ci gaba da hira. Ba wanda ya yi faɗa da wani. Sai dai zuwan kullum ya koma na Juma'a, na Juma'a ya koma sai mun haɗu a jana'iza. Ban ga laifinsu ba. Da a garkar wani ne, wataƙila ni ma haka zan yi.

Da bazara ta kama na lura karyar tana ramewa. Haƙarƙarinta ya fito, gashin bayanta yana zuba, kullum tana cikin susa. Da na duba daga inda nake tsaye na hango kaska jere a cikin kunnenta kamar an shuka wake. Na tafasa ganyen dogon yaro na watsa mata da moɗa, ta gudu. Na barbaɗa toka inda take kwanciya, ba abin da ya sake.

Ranar kasuwa na je wurin wani mai baza maganin dabbobi a kan buhu. Na tsuguna na yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar abin kunya.

"Na akuya ko na tunkiya?" in ji shi.

Na ce na kare.

Ya yi dariya har ya taɓa na kusa da shi. "Kare kuma, Baba? Kare ai shi ke wa kansa magani." Da ya ga ban tashi ba, ya ƙulla mini wani farin gari a leda, irin wanda ake zuba wa wake don kada ya yi ƙwari. Ya ce duk abin da ke da ƙafa fiye da huɗu wannan zai kashe shi.

Washegari da hantsi na barbaɗa mata shi tun daga wuya har wutsiya, tana cin tuwo. Na koma ban ruwa. Ban gama fangali uku ba na ji wani irin nishi. Tana kwance a gefe, jikinta yana karkarwa, yawu yana dalala, ta yi amai. Ashe ta lashe garin.

Na tsaya da guga a hannu ina waige-waige. Ba kowa a garkunan kusa, rana ta kori mutane. Ta ɗago ido ta dube ni. Ban san lokacin da na tuɓe riga na durƙusa ba. Na sa hannu biyu na jawo ta bakin rijiya, na yi ta kwara mata ruwa ina cuɗa ta da sabulun da nake wanke hannu. Jikinta ba nauyi, kamar dauren kara. Ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna. Na ɗauraye ta ya fi sau biyar, na kai ta inuwa, na zauna kusa da ita ina ɗiga mata ruwa a baki. Sai bayan azahar karkarwar ta lafa. Na yi wanka, na yi salla, na dawo na zauna.

Da yamma wani Bafillace da ke shayar da shanu a tabki ya leƙo neman ruwan sha, ya gan ta. Na ba shi labari. Ya girgiza kai.

"Ka je biron dabbobi, ofishin likitocinsu. Akwai wata mace da aka kawo bara, ita ta ciro mini maraƙi da ya zo a gicciye. Ba ta raina dabba."

Ni da na yi rabin rayuwata a garin nan, na san inda biron yake, amma ban taɓa tunanin yana da alaƙa da ni ba. Zuwan farko mai gadin ƙofa ya ce sun fita rigakafin shanu wajen Safo. Zuwa na biyu ya ce an kira ta taro Maradi. Ya tambaye ni ko rago ne ba lafiya, na ce a'a, na juyo. A na uku na tarar da mutane a kan benci, wannan da tunkiya, wancan da ɗan maraƙi mai zawo, wani da kaji a kwando. Ni kaɗai ne hannu rabbana. Na bari duk suka gama, don ba na son in faɗi abin da ya kawo ni a gabansu.

Likitar ba ta wuce sa'ar ƴata ba. Doguwa ce, da farar riga a kan atamfa, takalman roba duk kashin shanu. Harshenta na mutanen gabas ne. Ta ba ni kujera.

"Baba, mi ke tafe da kai?"

Na kwashe labari duka na faɗa mata, har da garin wake. Ina jiran dariya. Ba ta yi ba. Ta ajiye abin rubutu ta ce, "Baba, Allah ne ya kiyaye. Wankan nan da ka yi mata shi ya cece ta. Kar ka ƙara sa mata abin da ba don ita aka yi ba. Kai ma kar ka ƙara taɓa garin nan da hannu." Sannan ta yi mini tambayoyin da ban san amsarsu ba. Shekararta nawa? An taɓa yi mata allurar haukan kare? Yaya kashinta yake? Na ji kamar ɗalibin da bai yi bita ba.

Ta ce maganin tsutsa da na kaska akwai, amma allurar hauka ba su ajiye ta, don ba mai tambaya. Sai an ɗauko daga Maradi, kuma sai a cikin ƙanƙara, in ta ji zafi ta zama ruwa. Ta ce in ba ta mako guda.

Na ɗauka maganar biro ce. Ranar Laraba da hantsi sai ga ƙarar moto a bakin shinge, ga ta a kan babur ɗin da ɗan akwatin ƙanƙara ɗaure a baya.

Ba ta nufi karyar kai tsaye ba. Ta tsuguna nesa kaɗan, ta miƙa bayan hannu, ta jira. Ta ce sai an san nauyinta kafin a san yawan magani. Muka aro ma'aunin ƴan albasa, muka rataye a reshen mangwaro, ni na ɗauki karyar na sa a buhu, kanta a waje tana ta zare ido. Likitar ta yi dariya, ni ma na yi. Na daɗe ban ji muryar dariyata ba. Kilo goma sha ɗaya. Ta ce ya kamata ta kai sha biyar.

Ta nuna mini yadda ake ɗaure bakin kare da ƙyalle ba tare da an ji masa ciwo ba. Ta ce in riƙe kan, in yi mata magana. Ban san me ake ce wa kare ba, sai na yi ta cewa sannu, sannu. Kafin in ankara an gama allura. Ƙwayar tsutsa kuwa ta ce in tura a cikin lomar tuwo da ɗan busasshen kifi. Ta koya mini cire kaska: a kama daf da fata, a ja a hankali, kada a bar kan a ciki, a jefa a wuta.

Daga nan ta ciro wani ɗan kati mai ruwan ɗorawa, irin katin awon jarirai. Ta rubuta kwanan wata, ta manna ƴar takardar jikin kwalbar, ta buga hatimi.

"Sunanta?"

Na ce ba ta da sunan da zan iya faɗa. Ta bar wurin fili.

"Mai ita?"

Na buɗe baki zan ce ta wani tsoho ce da ya rasu. Ta riga ta fara rubuta sunana. Na bar ta.

Na dafa mata shayi. Ta zauna a kan tabarmar, karyar tana kwance taku biyu daga ƙafarta, ko a jikinta. Ta ce mijinta da ɗanta suna can gabas, sai ƙarshen wata take ganinsu, wani watan ma ba ta samu. Ɗaki guda take haya a bayan biro. Ta ce a garin nan kowa yana gaishe ta, amma in ba dabbarsa ce ba lafiya ba wanda ke neman ta. Na ce na gane.

Daga ranar abin ya zama tsari. Duk wata uku ƙwayar tsutsa, na rubuta a bangon bukkar garka da gawayi don kada in manta. Duk Asabar bayan la'asar cire kaska. Ta saba har tana kawo kunnen da kanta, ta ɗora haɓa a kan gwiwata. Na ware wani tsohon wando don wannan aiki, in na gama in canza in wanke hannu. Gashinta ya dawo, haƙarƙari ya ɓace. Likitar kuwa in hanya ta biyo da ita ta bakin tabki takan tsaya, ta ɗaga leɓen karyar ta duba dasashi, ta sha shayi kofi ɗaya, in cika mata leda da salati. Wani lokaci sau biyu a wata, wani lokaci wata biyu ban gan ta ba. In na ji ƙarar moto daga nesa sai in tsaya da ban ruwa in saurara. Yawanci wucewa yake yi.

Kamar wata takwas bayan allurar, wani mahaukacin kare ya ɓullo a wani ƙauye kusa da mu. Ya ciji awaki, ya ciji wata mata a ƙafa, aka garzaya da ita Maradi. Hankalin mutane ya tashi, kuma da gaskiyarsu. Aka shiga bin karnuka da sanduna. Da hantsin wata Lahadi mutum biyar suka tsaya a ƙofar garkata, mai unguwa a gabansu. Na taɓa koyar da shi a aji huɗu.

Ya rusuna ya gaishe ni. "Malam, ka yi haƙuri. An ce kowane kare."

Karyar tana bayana, ta kafe wutsiya tsakanin ƙafafu. Na shiga bukka na ciro katin daga cikin gwangwanin da nake ajiye iri, na miƙa masa. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa, ya juya bayan, ya nuna wa sauran hatimin. Ɗaya daga cikinsu ya ce takarda ba ta hana kare hauka. Na ce a kira likita a tambaye ta. Mai unguwa ya kira ta a salula, ya buɗe murya kowa ya ji. Ta ce ita ta yi allurar da hannunta. Ta tambaya ko karen nan ya kusanci tawa, na ce ko kusa. Ta ce a ɗaure ta a sa ido, in an ga wani canji a sanar da ita, amma kada a taɓa ta.

Suka tafi. Na ɗaure ta kusan wata guda, ina kwance ta safe da yamma mu zaga cikin shinge da igiya a hannuna. A masallaci wasu suka riƙa ce mini mai kare, da wasa. Nakan yi murmushi. Amma a makon nan mutum uku suka same ni a ɓoye, ɗaya maharbi, biyu masu garka, suna tambaya ina ake samun katin nan. Na kai su biro da kaina.

An yi wa karyar allura ta biyu da shekara ta zagayo. Ba a jima ba likitar ta zo wata rana ba akwati, ba farar riga. Ta ce an yi mata canjin wurin aiki, an mai da ita kusa da gida. Na taya ta murna, kuma har zuciyata na yi mata murna. Ta rubuta mini sunayen magungunan a takarda da manyan baƙaƙe, da yawan da za a ba, ta ce kada in yarda a canza mini da wani. Ta ba ni lambarta. Ta shafa kan karyar ta ce, "Baba, ka kula da kanka kai ma. Ka riƙa cin abinci." Na raka ta har bakin hanya. Da na dawo na tarar shayin da na zuba mata ko rabi ba ta sha ba.

Wanda ya gaje ta mutumin kirki ne, ya san aikinsa. Sai dai shi ba ya zuwa garka don kare guda. Ni nake kai ta, da igiya, mu bi ta bayan gari don kada mu ratsa kasuwa. In na sanar da shi da wuri yakan sa a taho da allurar. Ya yi, ya buga hatimi, ya ce sai baɗi, ya kira na gaba. Katin farko ya cika, an ba mu na biyu.

Yanzu bakin karyar ya yi furfura. Da sanyin safiya ƙafarta ta baya takan sage, sai ta ɗan taka kafin ta saki. Kwanan baya na ga wani fari-fari a idonta na dama, kamar hazo a kan ruwa. Na yi kwana uku ina juya takardar lambar likitar farko kafin na kira. Ta ɗauka, ana hayaniyar shanu a bayanta. Ta gane muryata nan take.

"Baba! Ina ƴar garka?"

Na faɗa mata zancen idon. Ta tambaya ko yana ruwa, ko tana sosawa, ko tana cin abinci. Na ce ba ya ruwa, ba ta sosawa, ci kuwa sai dai a hana ta. Ta ce tsufa ne, ba abin da za a ɗiga, amma in nuna wa na biro in na je. Ta ce in daina sauya wa tasarta wuri, in kuma rufe bakin rijiya. Ina shirin tambayarta ɗanta, wani ya ƙwala mata kira, ta ce za ta neme ni, layi ya yanke.

Ran nan ban yi ban ruwan yamma ba. Na sari itace huɗu, na ɗaure su da waya, na shimfiɗa tsohon kwanon rufi a kai, na yi wa rijiya murfi. Yana da nauyi, kullum sai na ɗaga na mayar, kuma bayana ba kamar da ba. Tana kwance a inuwa tana bin ƙarar guduma da kunne har na gama.